Geron Kan Fako

"Sun cinye! Wallahi sun cinye tas!"

Da wannan ihu Bashiru ya faɗo gidan Malam Shehu da hantsi, ko sallama babu, hularsa a hannu. Husna, matar ƙanensa, tana durƙushe a gindin turmi tana bakacen gero. Inna Uwani, uwar mijinta, ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Mi anka cinye? Yi magana mana, ka tsaya kana haki!"

"Harawa, Inna! Harawar gandu duka! Shanu sun cika gona, kuma wa kike tsammani na iske tsaye a tsakiyarsu da sanda? Mas'udu! Wan wagga!"

Ya nuna Husna da baki. Faifan ya suɓuce daga hannunta, gero ya watse a ƙasa, kaji suka yo kansa, amma ba wanda ya kore su.

Watan Husna bakwai ke nan a gidan. 'Yar ruga ce daga bayan dutsen Kwatarkwashi, kuma a bakin titi mijinta Hamidu ya fara ganinta tana sayar da nono. Tun daga ranar ya zama mashayin nono na ƙarfi da yaji, ya sha da safe ya sha da yamma, har abokansa suka fara tambayarsa ko likita ne ya rubuta masa. Da maganar aure ta taso gidan ya yi tsalle ya dire. Zamani ya lalace, duk wanda ya fito daga ruga da ido ɗaya ake kallonsa, ko da kuwa bai taɓa taka karan kowa ba. Sai da limamin gari ya sa baki kafin Malam Shehu ya yarda, yardar da ba ta wuce leɓe ba.

Husna ta san haka, shi ya sa take neman abin da za ta yi a so ta. Ta lura gandun gidan ya gaji, shekara da shekaru ana noma ba taki, geron ya koma kamar tsintsiya. Sai ta tuna wa Hamidu al'adar da: in an gama girbi, manomi ya kira makiyayi ya sauke shanu a gonarsa, su ci kara su bar masa kashi, kowa ya amfana. Hamidu ya yi murna, amma ya ƙi gaya wa mahaifinsa. So yake tsohon ya wayi gari ya ga gona ta yi baƙi da taki, ya tambaya aikin wa ne, a ce na Husna.

Lissafinsa ɗaya ne ya karye. Harawar wake tana shanye a ƙasa a can ƙarshen gona, kuma ita ce abincin shanun huɗa da tumakin gidan har faɗuwar ruwa. Aikin Bashiru ne ya ɗaure ta ranar Alhamis ya ɗora a kan bishiyoyi yadda ake yi, don haka Hamidu ya ce wa Mas'udu ya kawo shanu ranar Asabar. Bashiru kuwa ranar Alhamis ɗin ya hau babur ya tafi bikin abokinsa a Tsafe, bai dawo ba sai da ya ga ƙarshen tukunya. Kafin Mas'udu ya zagayo tudu ya ga abin da ke faruwa, shanu sun gama walima.

Bayan azahar Malam Shehu ya zauna a kan buzu a tsakar gida, ya tara kowa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro.

"Wa ya ba su izinin shiga gonata?"

"Ni ne, Baba," in ji Hamidu, kansa a ƙasa. "Ni na kira su. Taki muka so a samu. Da an ɗora harawa ranar Alhamis—"

"Au, ni za ka ɗora wa?" Bashiru ya zabura. "Ni na ce ka auro mana ɓarna har cikin gida?"

Inna Uwani ta tafa hannu. "Na faɗa! Tun ranar da anka kawo ta na faɗa! Yau shanu ta kira, gobe Allah kaɗai ya san wa za ta kira mana!"

Wannan maganar ce ta soki Husna har ƙashi. Ta ɗago ido jajir, kunyar surukai ta danne mata harshe, amma zuciya ta fi ƙarfin kunyar.

"Inna, a ce na yi kuskure, na yarda. Amma gidanmu ba mu taɓa kiran kowa ya cuci kowa ba."

"Kun ji ko? Har ta fara mai da mini magana!"

Malam Shehu ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Bai ko dubi inda Husna take ba.

"Hamidu, zaɓi biyu na ba ka. Ka ba yarinyar ga takardarta ta koma wurin iyayenta, mu zauna lahiya. Ko kuwa ka fita daga gandu, ka fita daga gidan ga, kuma muddin tana matarka ƙafarta ba ta ƙara taka zauren nan."

Husna ta dubi mijinta. Hamidu bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba, ko a kan hula. Ta rufe ido tana jiran ta ji an ce a kawo biro.

"Baba," in ji Hamidu, "ka yi mini duk hukuncin da kake so, ni ɗanka ne. Amma ban sakin matar da ba ta yi mini laihi ba."

"Haka ka ce?"

"Ka gafarce ni, haka na ce."

"To madalla. Ga fakon gindin dutse can, na ba ka halak malak. Ka je ka noma soyayya a kai, ku ci ku ƙoshi."

Wanda bai san fako ba zai ɗauka kyauta aka yi masa. Ƙasa ce da ta daskare kamar daɓen ɗaki, in ruwa ya sauka a kanta gangarewa yake ya wuce, ko ciyawa ba ta yarda ta tsira a wurin. A gefensa akwai wani tsohon ɗaki da ake ajiye kara, nan suka share suka shimfiɗa tabarma. Husna ta yi kuka ranar har idonta ya kumbura, ba don ɗakin ba, sai don ta raba ɗa da ubansa.

Mahaifinta, wanda suke kira Baffa, da ya ji labari ya aiko Mas'udu da ɗan maraƙi a ba Malam Shehu haƙuri. Aka koro maraƙin tun daga ƙofar gida. Wannan ya ƙona ran Baffa, washegari sai ga Mas'udu a bakin ɗakin kara.

"Baffa ya ce ki tattara kayanki mu tahi. Ba mu aurar da ke don a wulaƙanta mu ba."

"Ka gaishe shi, ka ce ina nan ɗakina."

"Wanga ne ɗaki? Ko awaki sun fi ki wurin kwana!"

"Yaya, mutumin nan ya bar gadon ubansa saboda ni. In na bi ka, da wane ido zan dube shi? Ka ce wa Baffa in yana son taimakona, kashin shanu nake so. Ya sa a tara mini."

Mas'udu ya dube ta kamar wadda ta taɓu, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Shi ma Hamidu ba a ce gwiwarsa ba ta yi sanyi ba. Wata rana da yamma ya dawo yana latsa waya, fuskarsa da ɗan haske.

"Na yi waya da abokina na Tudun Wada. Ya ce akwai keke-napep da ba direba, in zo Gusau in karɓa. Mu kama ɗaki ɗaya, ga lantarki ga famfo, kin huta da ganin dutsen nan."

Husna tana tsefe kai, ba ta daina ba.

"In munka tahi Gusau, maigida, mi za a ce? A ce ɗiyar ruga ta cinye harawa, ta kore ɗan mutane daga gona, ta mai da shi direba. Maganarsu ta zama gaskiya ke nan. Ni ba inda za ni."

"To mi za mu ci? Dutse?"

"Gero za mu ci. A kan fakon nan."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta gaya masa cewa tana ƙarama sun sha bin shanu arewa da damina har cikin Nijar, kuma a can ta ga manoma suna noma ƙasar da ta fi wannan taurin kai. Ramuka suke haƙawa tun da rani, faɗin ƙwarya, zurfin tafin hannu da ɗan ƙari, su tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa. Kowane rami a zuba masa taki cikin hannu biyu. Gara ta biyo takin ta huda ƙasar ta ko'ina, in ruwa ya zo sai ya sami hanyar shiga ya zauna. Tassa suke ce masa.

"Gara?" in ji Hamidu. "Garar da muke kashewa ita za ta yi mana aiki?"

"Ita fa. Kuma ba ta zuwa biki Tsafe."

Wannan karon tare suka yi dariyar.

Dariya kuwa ta ƙare ranar da diga ta fara sauka a kan fako. Bazara ce, rana tana dukan mutum kamar da gayya, digar tana tsalle tana dawowa. Ranar farko ramuka goma sha ɗaya suka haƙa, hannun Hamidu ya yi ruwa ya fashe. Husna ta yaga tsohon ɗankwali ta naɗe masa, ta karɓi digar. Da sassafe take tafiya ruga da buhu, ta dawo da shi cike a kanta. Baffa ya daina yi mata magana, in ta gaishe shi sai ya kau da kai, amma kullum tana iske kashin shanu a tare wuri guda, kuma ta san ba iska ce ta tara shi ba.

Mutanen gari suka sami abin kallo. Masu wucewa kan hanyar kasuwa sukan tsaya su leƙa.

"Hamidu, sannu da aiki! Gurbin dara ne kuke haƙa wa aljannun dutse?"

"Injiniya da Madam! Yaushe za a buɗe kamfanin?"

Hamidu yakan cije leɓe. Husna kuwa sai ta miƙe, ta share zufa, ta ce, "Ku dawo da kaka, za a ba ku kujerar gaba!"

Abin da ya fi rana zafi shi ne zuwan Inna Uwani. Ta zo wata ranar Laraba da hantsi da ƙullin fura a mayafi, ta iske ɗanta tsugune yana cusa taki a rami da hannu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Nan take ta fashe da kuka, kuma kukan gaske ne, domin uwa ce.

"Dubi yadda ka koma! Ɗan da na goya ne wanga? Hamidu, ubanka ya ce ko yau ka rubuta takardar nan ka dawo, ba mai tuna maka. Layi biyu ne hwa! Layi biyu ka huta!"

Husna tana bayan ɗaki tana sauke buhu, ta ji komai. Sai ta zagayo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Sannu da zuwa, Inna."

"Riƙe gaisuwarki. Kin ga abin da kinka mai da shi?"

"Na gani, Inna, kuma ya fi ci mini rai fiye da kowa." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta juya ga Hamidu. "Maigida, in ka gaji ka faɗa a gaban Inna. Ban riƙe ka da igiya ba. Amma ka sani, ni da ƙafata ba ni fita. Sai dai ka kore ni da bakinka."

Hamidu ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya dubi ramukan da suka jeru har gindin dutse. Ya goge hannunsa a riga.

"Inna, ki yafe mini. Rabin ramukan nan ita ta haƙa. Ranar da hannuna ya kasa, nata ne ya ɗauka. In na sake ta, Allah zai tambaye ni, kuma ba ni da amsa."

Inna Uwani ta aje furar a ƙasa, ta juya ba sallama. Suka bi ta da ido har ta ɓace. Sannan Husna ta dama furar, suka sha suna hawaye, suka koma kan diga.

Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, Husna ta fita da gudu ba takalmi. Ruwan da ya saba gangarewa ya wuce, yau ga shi zaune a kowane rami yana ƙyalli. Ta ƙwala wa Hamidu kira tana tsalle kamar yarinya. Washegari suka shuka gero, ƙwaya kaɗan a kowane rami, suka rufe da diddige.

Gari duka ya yi shuka, gero ya tsiro, aka yi noman farko. Daga nan sama ta ɗauke. Kwana goma ba ɗigo, kwana goma sha biyar, kwana ashirin. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. A gandun Malam Shehu geron ya nannaɗe ganye, ya yi ja, ya kwanta. A kan fako kuwa shukar ta ɗan sunkuyar da kai da rana, da yamma ta miƙe abinta, domin in ka tura yatsa cikin ramin za ka ji damshi. Masu tsokanar dara suka daina tsayawa da surutu. Yanzu tsayawa suke su yi shiru, wani ma har ya tsuguna ya auna faɗin ramin da hannu in ya ga ba a kallonsa.

Da ruwa ya dawo sai aka sake shuka a gandu, amma lokaci ya ƙure, abin da aka girba bai cika rabin rumbu ba. Fako kuwa ya ba da zangarniya masu kauri kamar damtse. Hamidu ya tsaya a tsakiyar dammunan da suka ɗaure, yana bin su da kallo.

"Damin farko na iyaye ne," in ji Husna. "Haka ake yi ko ba haka ba?"

"Haka ne. Bari in kai."

"Ni zan kai."

"Husna! Kin manta abin da Baba ya ce game da zaure?"

"Ban manta ba. Zauren ya hana ni, bai hana ni ƙofar gida ba. Ɗora mini."

Ta zaɓi dami mafi girma, wanda namiji ma sai ya yi nishi. Ta ratsa tsakiyar gari da shi da rana tsaka, Hamidu yana biye, mutane suna fitowa daga rumfuna suna bin su da kallo. A ƙofar gidan Malam Shehu ta tsaya cak, taku ɗaya kafin dokin ƙofa, ta yi sallama.

Inna Uwani ce ta leƙo. Ta dubi damin, ta ɗaure fuska.

"Ba mu roƙa ba. Koma da abinki."

"Ba sadaka ba ce, Inna, haƙƙinku ne. Gonar Baba ce ta ba da shi."

"To aje nan ki tahi."

"Ba ni aje abincin iyayena a ƙasa kamar na baƙi. Ba ni kuma komawa da shi. Ina nan tsaye har a karɓa."

Haka ta tsaya. Rana ta take, zufa ta jiƙa mata riga, wuyanta ya fara karkarwa. Hamidu ya matso zai taimaka, ta ce masa kada ya taɓa. Bashiru ya leƙo ta kan katanga ya koma da sauri. Aka kira azahar, aka idar, tana nan, ƙafafunta suna rawa amma ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Malam Shehu ya dawo daga masallaci da carbi a hannu, mutane suka dare masa. Ya tsaya a gabanta. Tun da aka kawo ta gidansa, yau ne ya fara duban fuskarta sosai. Ya zaro zangarniya ɗaya daga damin, ya murza a tafin hannu, ya daɗe yana kallon ƙwayar.

"A kan fakon?" ya tambaya a hankali.

"A kansa, Baba."

Tsohon ya sa carbinsa a aljihu. Ya kai hannu biyu ya kama damin, da ƙarfinsa na tsufa, ya sauke shi daga kanta da kansa. Da nauyin ya bar ta sai jiri ya ɗebe ta, Inna Uwani ce ta yi wuf ta tare ta, ba ta ma san ta yi ba.

"Na so in raba ku, Allah bai so ba," in ji Malam Shehu. "Ni ne da kuskure, kuma a gaban mutane na yi shi, don haka a gabansu nake faɗa. Uwani, ba ta ruwa. Shiga gidanku, ɗiyata."

Husna ta ɗaga ƙafa ta taka zauren tana kuka, Hamidu yana bayanta yana share ido da hula.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Husna ba ta zagi surukanta ba ko sau ɗaya, ba ta kuma bar ɗakinta don a ji daɗi ba. Haƙuri ba shi ne mutum ya naɗe hannu a yi yadda aka ga dama da shi ba. Ta tsaya a kan gaskiyarta da ladabi, ta haɗa da aiki, har waɗanda suka rufe mata ƙofa suka buɗe da hannunsu. Iyaye kuma su ji tsoron Allah, su daina auna mutum da inda ya fito.